Taku Bakwai da Kujerar Tafazzul

Mijin yayata, Tafazzul Husaini, shekara talatin da ɗaya ya yi yana shimfiɗa darduma da jera kujeru a gidan Razdan na Nilamgar. In ka ji shi yana ba da labarin aikin, sai ka rantse shi ne ke tallafe da ƙasar Indiya kada ta kife. Ni tela ne a gidan, ina ɗinke tuta in iska ta yaga ta, ina kuma ƙara wa wandunan Turawa faɗi bayan kowace Kirsimeti. Shi ya samo mini aikin, bai kuma taɓa bari na manta ba.

Gajere ne, siriri, da gashin baki mai lanƙwasa wanda yake shafa wa man kwakwa kullum safiya. Ko sunansa bai iya rubutawa ba. Amma akwai wani littafi mai jan bango a ofis, inda aka rubuta girman kowane mahaluki a yankin, wa ke gaban wa, wa zai zauna a dama, wa za a fara shafa wa turare, kuma duk abin da ke cikin littafin nan Tafazzul ya haddace shi. Razdan biyar ya yi wa aiki. Kowanne in ya zo sabo sai ya buɗe littafin ya yi ta juya shafi har kansa ya ɗau zafi, daga ƙarshe ya rufe ya ce a kira masa mai darduma.

Rajanmu, wato sarkin ƙasarmu, igwa tara ake buga masa don girmamawa. Maƙwabcinmu Rajan Sonkera shi ma tara, abin da ya hana gidajen biyu sakat tun zamanin kakanninsu. Rajan igwa sha ɗaya in ya kawo ziyara, Razdan kan fita har bakin ƙofa ya taro shi. Na tara kuwa, Razdan zai tashi daga kujerarsa, ya yi taku bakwai, ya tsaya daidai bakin darduma. In ya yi shida, ya ci mutuncin Raja. In ya kuskura ƙafarsa ta sauka ƙasa, ya ƙara wa Raja girman da Sarkin Ingila bai ba shi ba. Wazirin Raja kan zo da wani tsoho mai ido ɗaya, wanda ba shi da wata sana'a a duniya sai ƙirga takun Razdan, kuma ubansa ma ita ya yi.

Da Tafazzul ya bar abin nan a wurin aiki, da da sauƙi. Har gida yake tahowa da shi. Liman in ya zo, taku uku yake samu daga bakin tabarma. Mai unguwa biyu. Wanzami ko motsi ba a yi masa. Ni kuwa in na yi sallama, sai ya ɗaga gwiwa ɗaya kamar zai tashi, ya fasa.

Na ce, "Yaya, ni nawa ne girmana?"

Ya ce, "Kai ƙanin mata ne. Igwarka ɗaya ce, ita ma ruwa ya shige ta."

Yayata Sugra tana murza fulawar gurasa ta ce, "Baban Shakila, ni da nake kawo maka abinci shekara talatin, taku nawa ka taɓa yi mini?"

Ya ce, "Ke ai ba baƙuwa ba ce, ke ce gwamnatin."

Abu ɗaya yake so a rayuwarsa, kowa a unguwarmu ya sani: takardar kujera. A lokacin ba kowa ke ɗora mazaunai kan kujera a gaban Razdan ba, sai wanda aka ba takarda mai hatimi cewa ya isa. Manyan masu gonaki suna da ita, alƙali yana da ita, da wasu attajirai biyu da suka gina rijiya a bakin hanya. Sauran jama'a ko ka tsaya ko ka durƙusa. Tafazzul ya ɗauki kowace kujera ta zauren nan a kansa sau dubu, ya goge ta, ya san wadda ke ƙara da wadda ƙafarta ke rawa, amma bai taɓa zama a kan ko ɗaya ba. Ko zauren ba kowa, ba ya yi. Na sha zama a gabansa ina kaɗa ƙafa don in tsokane shi, sai ya kau da kai kamar ya ga ina sata.

Razdan na biyar, Kanar Hadilston, dogo ne ƙwarai, mai jan wuya, ba ya son surutu, ba ya kuma son takarda. Da lokacin ajiye aikin Tafazzul ya matso, ya yi ta maza ya je ya faɗi gabansa ya roƙa. Kanar ya sosa ƙeya ya ce bai taɓa jin an ba mai darduma kujera ba, amma littafi bai hana ba.

Ya ce, "Saura ziyara ɗaya kafin ka tafi, ta Raja, bayan damina. In ta wuce ba wanda ya kawo ƙorafi, ko layi ɗaya, zan sa maka hannu."

Tafazzul ya dawo gida ran nan ya sa aka yanka kaza. Har ni sai da ya yi mini cikakken taku ɗaya, ya ce kada in saba.

Matsalar daga uwargidan Kanar ta taso. Sabuwar zuwa ce daga Ingila, mace mai kirki da son tsabta, kuma ba ta san komai ba. Wata Juma'a, Tafazzul yana masallaci, ta shiga zauren ta shaƙi warin da damina ta bar wa darduma, ta tambaya yaushe rabon a wanke ta. Aka ce tun da aka saƙa ta. Ta sa aka naɗe ta aka kai wa masu wanki a bakin kogi, suka yi kwana biyu suna dukanta a kan dutse. Ta dawo fes, har da wasu furanni shuɗaye da ba wanda ya san akwai su. Ta kuma dawo a tsuke, ta rage tsawo kamu biyu cur. Saura kwana tara Raja ya zo.

Ina nan lokacin da aka shimfiɗa ta. Tafazzul ya auna da ƙafarsa, ya sake aunawa, ya zauna daɓas a ƙasa ya cire rawani. Ban taɓa ganin kansa a buɗe a gidan Razdan ba sai ran nan, kuma gaskiya na tausaya masa, duk da dariyar da ke cina.

Na ce, "Yaya, a ja dardumar gaba mana."

"Kujerar Razdan ta zauna a ƙasa tsirara? Ka san abin da kake faɗi?"

"To a matsar da kujerar baya."

"Bango ne a bayanta, da hoton Sarkin Ingila. Ko shi ma za ka matsar da shi?"

"To in ƙara mata ƙyalle. Ina da jan yadi mai kauri, ba wanda zai gane."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "A tari Rajan igwa tara a kan faci? Tsohon nan ido ɗaya gare shi, amma ya fi naka biyu. Kafin la'asar labari ya kai Sonkera, su buga ganga."

Sabuwar darduma kuwa sai daga Agra, wata uku kafin a saƙa. Kwana biyu Tafazzul bai ci abin kirki ba, yana ta zagaya tsakar gida yana ƙirge da yatsu, Sugra tana bin sa da kwanon shinkafa. Ran na uku da hantsi ya zo ya same ni a bakin keken ɗinki, idonsa yana ƙyalli.

Ya ce, "Wajid, littafi ya ce taku bakwai. Bai faɗi girman takun ba."

Muka je gaban Kanar. Tafazzul ya yi bayani, akawu yana fassarawa. Kanar ya saurara har wuyansa ya ƙara ja, sannan ya ce wani abu da akawu ya ƙi fassarawa. Amma shi ma ya san in Raja ya yi ƙorafi, shi zai kwana uku yana rubuta amsa, kuma ya fi son ya yi tafiyar agwagwa da ya riƙe alƙalami. Aka kulle ƙofofi aka fara gwaji.

Allah ya ba Kanar ƙafafu, ba laifi. Taku ɗaya nasa ya kai biyu na mutanen kirki. Yakan fara da kyau, ɗaya, biyu, uku, sai sojan da ke jikinsa ya farka, a na huɗu ya miƙa ƙafa, a na biyar ga shi tsaye a ƙasa. Tafazzul yana durƙushe a gefe yana tafa hannu yana ƙirga masa kamar mai koya wa jariri tafiya.

"Ranka ya daɗe, a hankali. Ɗan ƙarami. A'a, wannan ya yi yawa, wannan takun Gwamna ne."

Kwana uku ana abu ɗaya. A na huɗu Tafazzul ya ja ni gefe ya ce, "Mutumin nan kansa ya yarda, ƙafafunsa ne ba su yarda ba. Aikinka ne yanzu."

Na gane nufinsa, na ce ba da ni ba. Ya tuna mini wanda ya samo mini aiki. Haka na ɗauki farin wandon bikin Kanar, na haɗe ƙafafun biyu da ƙyalle mai ƙarfi daga sama har kusa da gwiwa, inda doguwar rigarsa za ta rufe. Kanar ya sa, ya gwada, ya kusa kifewa, ya sake gwadawa. Taku bakwai cif, yatsunsa a bakin darduma. Bai ce mini na gode ba, ni ma ban sa rai ba.

Ranar ta zo. Igwa ta tashi sau tara, tantabarun gari suka watse kamar yadda suka saba. Raja ya sauko daga keken doki, ƙaton mutum mai sanyin hali, ya shigo zaure da Waziri da fadawa wajen talatin, tsoho mai ido ɗaya yana gefe. Ni ina bayan labule da allura da zare a hannu, ko da wani abu zai ɓalle.

Kanar ya miƙe, da takobi, da lambobi cike da ƙirji, da hula mai gashin tsuntsu a hammata. Ya fara tahowa siɗiɗi, ɗan taku, ɗan taku, kamar amaryar da aka sa wa sabon takalmi. Fuskarsa a murtuke, gumi yana bin jan wuyan. Zaure ya yi tsit, ba abin da ake ji sai leɓen tsohon nan yana ƙirga.

Raja ya tsaya cak ya dubi Waziri. Waziri ya raɗa masa cewa al'ada ba ta yarda baƙo ya fi Razdan saurin tafiya ba. Sai Raja ya gyara rigarsa, ya haɗe ƙafafu, shi ma ya fara ɗan taku. Waziri ya bi. Fadawa talatin suka bi, kowa yana jan ƙafa, takubba suna ƙwanƙwasa juna. Shi Raja nasa nisan ya fi, don tun daga ƙofa ya faro, har Kanar ya gama bakwai ɗinsa ya tsaya yana jira da hannu a miƙe tsawon lokacin da za a dafa shayi. Na cusa gefen labule a bakina. Na hango Tafazzul jikin bango, tsaye ƙyam, ko ƙifta ido ba ya yi.

Tsoho ya ɗaga kai ya ce wa Waziri, "Bakwai."

Aka zauna, aka tambayi lafiyar Sarkin Ingila, aka ce lafiya lau yake, aka shafa turare, aka raba ganyen pan da ake taunawa kamar goro, aka tashi. A hanyar komawa Raja ya ce wa Waziri tun da ya hau gado bai taɓa ganin Razdan da ya san girmansa kamar wannan ba, mutum yana tahowa wurinsa cikin nutsuwa kamar mai shiga wurin ibada. Kafin mako ya zagayo duk fadar Nilamgar da ɗan taku ake tafiya. Mai kawo wa Raja abinci sai ya iso da shi a huce, ba wanda ya isa ya ce ya yi sauri.

Mun ɗauka an gama. Sugra ta sayo yadi na fara yanka wa Tafazzul doguwar riga ta zaman kujera. Kwana goma sha biyu bayan ziyarar, sai ga ɗan aike daga Sonkera da takarda shafi goma sha ɗaya. Rajansu yana tambaya: shi ma ba igwa tara ba ne? Me ya sa shi in ya zo ake taho masa da faɗa-faɗan taku kamar ana korar akuya daga gona, a yi wa na Nilamgar ƙanana? Wane laifi kakanninsa suka yi wa Sarkin Ingila?

Kanar ya kira Tafazzul ya nuna masa takardar. Bai yi faɗa ba, ya dai ce magana ce suka yi, ko layi ɗaya, ga shi an kawo shafi goma sha ɗaya. Ya ce dole ya aika da ita sama, sai abin da manya suka ce.

Haka Tafazzul ya ajiye aiki ba takarda. Ya miƙa tsintsiyarsa da igiyar awo ga Gulam Nabi, mataimakinsa na shekara ashirin, ya dawo gida ya zauna a tabarma. Liman ya zo gaishe shi bai tashi ba, ba don raini ba, ya manta ne. Wannan ya fi komai tayar wa Sugra hankali. Ni kuwa haushi ne ya cika ni, don na ga mutumin da ya fitar da Bature kunya an bar shi yana kallon bango. Na ce masa ya bari in je in faɗa wa duniya zancen wandon.

Ya ce, "In ka buɗe baki, na saki yayarka."

Sugra daga ɗaki ta ce, "Ka saki wa? Wa zai nemo maka rawaninka da safe?"

Wata huɗu ana jira. Rigar tana rataye a shagona ba maɓalli, don na kasa ƙarasa ta. Sai ga amsa daga manya, layi shida. Sun ce sun yi nazari, sun ga ƙaramin taku ya dace da martabar gwamnati, bai kuma ci ko anini ba, don haka daga yau duk Rajan igwa tara a yankin da shi za a tare shi. Aka shigar cikin jan littafi. Aka yaba wa Kanar saboda sanin halin mutanen ƙasa. Wani Razdan daga kudu har wasiƙa ya rubuto yana tambayar yadda ake yi mutum ya saba, Kanar ya aika masa da sunana.

Ran nan Kanar ya sa hannu a takardar Tafazzul. Akawu ne ya kawo ta gida, ya karanta ta sau uku a bakin ƙofa don maƙwabta su ji.

Taro na farko da ya biyo baya shi ne na ranar haihuwar Sarkin Ingila, inda duk masu kujera ke hallara a zauren Razdan. Muka isa da wuri, Tafazzul cikin sabuwar riga, takarda a naɗe cikin ƙyalle a ƙirjinsa. Muka tarar da Gulam Nabi tsaye a tsakiyar zaure rungume da kujera guda, yana zufa. Ya ce ya jera arba'in yadda aka saba, amma wannan bai san inda zai ajiye ta ba. Akawu ya duba littafi daga farko har ƙarshe, babu inda aka ambaci tsohon mai darduma.

Gulam Nabi ya ce, "Maigida, kai kaɗai ka san wannan. Inda ka ce, nan ne."

Na matso kusa da kunnensa na ce, "Yaya, ka ji dai. Ba wanda ya sani sai kai. Ka ce bayan alƙali. Wa zai musa?"

Bai ko dube ni ba. Ya rufe ido ya fara lanƙwasa yatsu. Mutanen Raja, alƙali, manyan masu gonaki bisa faɗin gonakinsu, likita, shugaban gidan waya, attajiran rijiya, mai duba dabbobi, mai kula da madatsar ruwa. Ya ce shi ma'aikacin cikin gida ne, mai ritaya, kuma takardarsa ce ta baya-bayan nan, don haka yana bayan mai madatsar ruwa. Kujerar mai madatsar ruwa kuwa ita ce ta ƙarshe, a manne da ƙofa.

Gulam Nabi ya ce, "Sai mu ɗan matsa sauran, ta shiga."

"Tsakanin kujera da kujera taƙi ɗaya ne. Shekara ashirin ina koya maka."

Ya karɓi kujerar, ya ɗora a kansa da sabon rawaninsa, ya fita da ita baranda. Ya auna taƙi ɗaya daga dokin ƙofa ya ajiye ta a layi da sauran, sai dai bango ne tsakaninsu. Daga nan ba a ganin Razdan, ba a jin abin da ake faɗi, kuma rana tana dukan wurin sosai. Na ji kamar in shaƙe shi, na kuma ji hawaye yana neman zubo mini.

Baƙi suka shiga suna wuce shi, wasu suka ɗauka gadi yake yi. Da aka ji ƙarar kujeru alamar Razdan ya zauna, Tafazzul ya shafa rigarsa ta baya, ya yi bismilla, ya sauka a hankali. Ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ƙafafunsa ba su kai ƙasa sosai ba.

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wajid, ashe tauri gare ta."

Na ce, "To ka ɗanɗana ai. Tashi mu tafi gida, rana za ta kwantar da kai."

"Ba a tashi kafin Razdan ya tashi."

"Yaya, ko ganinsa ba ka yi."

Ya ce, "Kai ka leƙa mini."

Awa biyu aka yi ana jawabi. Na tsaya a bakin ƙofa, kaina a ciki, jikina a waje ina tare masa rana, har na ga Kanar ya dafa hannun kujera zai miƙe, sannan na juyo na ce masa lokaci ya yi.